Shafa-Ka-Manta

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani mai aski da kowa ya manta sunansa na gaskiya. Ai-na-sani ake ce masa, domin da haka yake buɗe kowace magana. In ka ce masa an yi ruwa a garinku jiya, ai ya sani. In ka ce matarka ta haihu da safe, ai ya sani, tun a tafiyarka ya ga alama. Aski dai ya iya shi, wannan ba mai ƙwace masa. Damuwar ita ce shi a ganinsa aski ya yi masa kaɗan.

Shagon ba nasa ba ne. Na surukinsa ne, wani tsohon direban babbar mota mai sanƙo da ƙarancin magana, wanda ya ba shi aro albarkacin 'yarsa. A cikin shagon nan Ai-na-sani ya taɓa kiwon kifi a bahon wanka har wari ya kori masu aski. A cikinsa ya taɓa buɗe wurin cajin waya, ya haɗa wutar da hannunsa, layin gaba ɗaya ya yi kwanaki a duhu. Bayan wannan ne tsohon ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko shiga bai yi ba.

"Aski na ba ka shago ka yi," in ji shi. "Ran da na ji ka ƙara wata sana'a a kai, makulli ya koma hannun tela."

Telan maƙwabcinsa ne, shagonsa ɗan mitsitsi kamar akwati, kuma ya daɗe yana auna shagon askin da ido yana lissafin inda zai ajiye keken ɗinki.

"Ai na sani, Baba," in ji mai aski.

Ya kuwa yi watanni yana aski zalla, yana ramewa don takaici. Sai wata rana wani ɗan zobe ja ya fito masa a gefen wuya, mai ƙaiƙayi kamar an zuba masa tururuwa. Matarsa ta duba ta ce makero ne. Ya leƙa tasha ya sayi wani man shafawa wurin mai tallan magani a faranti, wanda ya rantse masa cewa uku ne a ɗaya. Ya shafa. Kafin ya ankara — wato kafin ya gama ba mutane labarin ciwon — ƙaiƙayi ya ɗauke, jan ya dusashe, wuya ya yi sumul.

Ya daɗe a gaban madubin shagonsa yana juya kai. A nan tunanin ya sauko masa. In uku a ɗaya sun yi wannan aiki, me zai faru in mutum mai basira ya tara duka a kwalba ɗaya?

Ya tsallaka titi zuwa kemis. Mai kemis ɗin mace ce mai tabarau, ta yi karatun magunguna, kuma ba ta gaggawar komai.

"Malama, irin wannan nake so, duk wanda kike da shi."

Ta juya kwalin ta karanta ƙananan rubutun bayansa. "Wa ya rubuta maka?"

"Wuyana ne ya rubuta. Duba ki gani."

"Ka san abin da ke ciki? Akwai na makero, akwai na ƙwayoyin cuta, akwai kuma sitiroyid, mai ƙarfi ma."

"Ai na sani. Siteriyo. Har a motar Baba akwai."

"Sitiroyid," ta ce a hankali. "Shi ya kwantar maka da ƙaiƙayin da jan. Bai kashe komai ba, baki kawai ya toshe wa fatar. Makeron yana nan a ƙasa yana cin abincinsa, ba mai damunsa."

"To ba ga na makeron a ciki ba?"

"Yana ciki, amma abokin tafiyarsa ya ɗaure wa jikinka hannu. Ga na makero zalla. Safe da yamma, makonni, ko ka ga ya ɓace ka ci gaba. In bai ji ba, sai asibiti."

"Makonni." Ya yi dariya har da dafa teburinta. "Malama, ni a kujerata mutum yana zama kamar daji ya tashi kamar ango, shayinsa ma bai huce ba. Ku masu tabarau kun saba ja wa mutane rai."

"Ba zan sayar maka ba."

"Ai na sani. Kishi ne, kuma ban riƙe ki ba."

Mai faranti bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Da yamma Ai-na-sani ya zauna a tsakar gida da robar kwaɓin matarsa, ya matse wannan ya matse wancan, mai farin kwali da mai kore da wanda rubutunsa ba wanda ya iya karantawa a unguwar. Ya ɓare kafso ja-da-rawaya ya zazzage garin a ciki. Ya ƙara hodar aski don kauri, ya ɗiga turare don mutunci, ya juya da cokali.

Matar ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Maigida, Baba fa ya ce aski kawai."

"Sayarwa kika ga zan yi? Kyauta zan shafa. Hodar da nake buga wa mutane bayan aski, sana'a ce daban? Wannan ƙarshen aski ne."

"To me za ka samu?"

"Suna. In sunan ya fita, manyan kamfanoni da ƙafarsu za su zo. Hotona a jikin kwalba, da farar riga. A ranar Baba da kansa zai ce in bar aski."

"Robata dai nake so."

"Za a saka ta a gidan tarihi."

Ya raɗa wa man suna Shafa-Ka-Manta.

Wanda ya fara shiga hannu bakaniken layin ne, ƙato mai wuya kamar turmi, da ɗan makero a bayan kunne. Ai-na-sani ya bi ta kai da kilifa, injin askinsa guda ɗaya tilo, sannan ya tsoma yatsa a kwalba ya dangwala masa. Bayan 'yan kwanaki bakanike ya dawo yana nuna wa kowa bayan kunnensa. Ba komai, sumul. Malamin makarantar firamare, mai 'yan ƙurajen aski a haɓa, ya ce a gwada masa. Aka shafe masa fuska gaba ɗaya, ƙurajen suka kwanta, har ya ɗan yi haske, matarsa ta fara tambayarsa ina yake zuwa bayan an tashi. Layi ya ɗauka. Benci ya cika. Wanda ke da ciwo da wanda ba shi da shi, duk wanda ya zauna a kujera sai ya tashi da maiƙo a ƙeya.

Kwalbar sifirit da yake goge kilifa da ita ta ƙare a makon farko, bai sake saya ba. Me za a yi da sifirit a shagon da ke da Shafa-Ka-Manta? Kilifa ɗaya, buroshi ɗaya, tawul ɗaya da yake kaɗewa a bakin ƙofa tsakanin kai da kai, sai yatsa ɗaya mai shiga kwalba ya fita.

Har tela, wanda shekara da shekaru a wata unguwa yake aski don kada ya ƙara wa maƙwabcinsa ko sisi, ya shigo ya zauna. Leƙen asiri ya zo yi.

"Wannan man, nawa kake sayarwa?" ya tambaya, idonsa a madubi.

"Kyauta ne, maƙwabci. Ka gaya wa Baba haka in ka je kai rahoto."

Ya shafe masa ƙeya ninki biyu, don girmamawa.

Bakanike ne ya fara dawowa. Zoben da ya tafi kamar kwabo ya dawo kamar murfin kofi, ya zagaye kunnen ya gangara wuya, gefensa ya watse ba a ma gane inda ya tsaya.

"Ka ce in shafa in manta," in ji shi. "Na manta. Shi ne bai manta ba."

Ai-na-sani ya duba wurin da idon masana. "Yaushe na yi maka aski?"

"An kwana biyu."

"Gashin ya dawo?"

"Ya dawo."

"Ka taɓa zuwa ka ce askina bai yi aiki ba don gashi ya dawo?"

Bakanike ya soshi bayan kunne.

"To haka fata take. Abin da ya tsiro, a sake bi ta kansa. Zauna."

Wannan hujja ta yi wa Ai-na-sani daɗi ƙwarai, domin da gaske ya yarda da ita. Duk rayuwarsa aikinsa ke nan: ya share, abu ya dawo, ya sake sharewa, kuma ba wanda ya taɓa kiran haka gazawa. A wurinsa aiki ya kammala in mutum ya kalli madubi ya gyaɗa kai. Abin da ke ƙarƙashin fata ba ya fitowa a madubi, don haka ba ya cikin lissafi.

Malamin makaranta ya zo bayansa. Ya ce duk ranar da bai shafa ba fuskar zafi take kamar an kara ta a murhu, ga wasu sababbin ƙuraje sun yi masa layi a gefen baki, ɗalibai sun daina kallon allo sun koma kallonsa.

"Ciwon ne yake fita," in ji mai aski. "Ka gode wa Allah da bai zauna a ciki ba."

"Ni da ba ni da ciwo sai 'yan ƙuraje uku?"

"Uku ka gani. Sauran suna ɓoye, man ne ya tono su."

Tela bai zo ba, amma ta bangon da ya raba su ana jin keken ɗinki yana tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa, kuma duk tsayawar susa ce.

Sannu a hankali kamannin layin ya sauya. Ana tsakiyar zafi, amma maza sun koma hula har kunne. Mai facin tayar layin ya naɗa mayafi a wuya ya ce mura. Mutane biyu in sun haɗu sai su gaisa da hannu ɗaya, ɗayan yana bayan kai. Ba wanda ya yi zancen, domin kowa yana zaton shi kaɗai ne. Shi kuwa Ai-na-sani ya rataya tawul a wuya ba ya cirewa, ya ce haka manyan masu aski suke yi a ƙasashen waje. Ya kuma ƙara ƙarfin haɗin, ya zazzage wasu kafson.

Ana cikin haka surukin ya zo a rage masa ɗan gashin da ya saura a gefe. Ya zauna, ya kalli kwalbar.

"Mene ne wancan?"

"Man ƙarshen aski, Baba."

"Sayarwa kake yi?"

"Ko kusa."

Nan ya kamata hannunsa ya tsaya. Amma ga sanƙo shimfiɗe a gabansa, fili fetal, irin wurin da mai fasaha ke mafarki. Ya bi gefe da kilifa, ya share saman da tawul, ya tsoma yatsa ya murza. Sanƙon ya ɗauki ƙyalli har fitilar shagon ta fito a ciki. Tsohon ya duƙar da kai ya duba madubi, ya ce, "Hm." A bakinsa wannan yabo ne babba.

Makonni kaɗan bayan haka matar ta fizge tawul ɗin a gida, ba sallama. Ta ja da baya.

"Wannan wuya ne ko taswira?"

"Fita yake yi."

"Ya fita har ya shiga ƙirji. Gobe ka tafi asibiti, ko in kira Baba ya zo ya ga inda yake fita."

Ya lallaɓa kemis da sassafe, ya ce wani abokinsa ne ke da 'yar matsala a fata. Mai kemis ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi tawul ɗin, ta gaya masa asibitin da likitan fata ke zama da ranar da yake zama. Ba ta gaya masa cewa shi ne na ƙarshe a jerin masu abokai da suka zo mata a makon ba.

Asibitin yana can ƙarshen gari, abin da ya yi masa daɗi, don ba wanda ya san shi a can. Ya karɓi kati, ya bi barandar da aka nuna masa, ya karya kwana.

Bakanike ne a farkon benci. Kusa da shi malamin makaranta. Sai mai faci da mayafinsa, sai tela, sai wasu da ya san ƙeyarsu fiye da fuskarsu. A can ƙarshe wani ya rufe fuska da jarida. Sun daɗe da gama jin kunyar juna, sun ma cire huluna suna gwada zobe. Da suka gan shi, duk suka juyo.

"Dakta," in ji bakanike. "Me ya kawo ka?"

Ai-na-sani ya gyara tawul. "Ku na zo dubawa. Mai magani na gari ba ya barin mutanensa. Zan kuma ɗan tattauna da abokin aikina na ciki."

"Da kati a hannu?" in ji tela.

"Na shiga ne. Ƙa'idarsu ce."

Ƙofa ta buɗe, likitan ya fito da kansa, wani siririn dattijo da biro a kunne. Ya riga ya duba mutum uku masu ciwo iri ɗaya da ƙamshin turare iri ɗaya.

"Wai wane ne mai askin nan?"

Hannuwa dai suka bar susa suka nuna wuri ɗaya.

Ai-na-sani ya matso ya miƙa hannu kamar an gabatar da shi a taro. Likitan ya dubi hannun, ya sa nasa a aljihu. "Me ka zuba a cikin man?"

Ya lissafa masa, da alfahari, har da turaren.

"Kafson na mene ne?"

"Na kashe cuta."

"Wace cutar? Makero ba ya jin kafso, ba irin ƙwayar da yake kashewa ba ce. Abin da ka yi shi ne ka koya wa ƙwayoyin da ke jin sa yadda za su daina ji. Sitiroyid ɗin kuma ya kashe ƙararrawa ya bar ɓarawo a ɗaki. Shi ya sirantar da fatar malamin nan har ta kasa zama ba shi. Da me kake wanke injin askin?"

"Man yana wanke shi ta jikin mutane."

Wani a benci ya yi wani sauti kamar an taka shi.

"To ka ji," in ji likitan, ya juya ga sauran. "Daga kan mutum ɗaya ya kwasa ya raba muku. Masu shi a jiki, man makero zalla, makonni, ko ya ɓace ku ci gaba har lokacin da na ce. Masu shi a cikin gashi, shafawa ba ta isa, sai da na sha. Malam, kai a hankali za mu janye ka daga man, kada ka yi gaban kanka. Kowa tawul ɗinsa, kowa hularsa. Kai kuma mai aski, shigo in ga wuyanka."

"Ai wuyana lafiya lau. Ni ne ma shaidar..."

Bakanike ya miƙa hannu daga zaune ya ja bakin tawul ɗin, kamar mai buɗe sabuwar mota.

Zobe ne a kan zobe, wani ya shiga cikin wani, daga ƙarƙashin kunne har cikin riga, fatar ta yi sheƙi ta yi jirwaye. Malamin makaranta ya gyara zama don ya gani da kyau. Likitan ya cire biro daga kunne, ya ce a hankali, "Wannan zan so ɗalibaina su gani."

A ƙarshen benci aka naɗe jarida, aka ajiye ta a cinya. Surukin ne. Ya cire hula ba gaggawa. A tsakiyar sanƙon, daidai inda fitila ta taɓa fitowa, ga zobe guda, zagayayye tsaf kamar an zana da kofi.

"Baba," in ji Ai-na-sani, "wallahi ban sayar ba. Ko sisi. Tambaye su."

"Bai sayar ba," in ji mai faci. "Kyauta ya ba mu."

Tsohon ya ajiye hular. Tafin hannu ya buɗe. Mai aski ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce kamar ya bar shi a gida, sai makullin ya yi ƙara a aljihun baya. Ya ɗora shi a tafin. Tsohon ya miƙa wa tela.

Tela ya daɗe yana jiran wannan rana, amma bai kai hannu ba. Ya zaro ƙyalle daga aljihu, ya kama makullin da bakin yatsu biyu, ya riƙe shi nesa da jiki.

"Likita, shi ma wannan yana ɗauka?"

"Ka wanke shi. Kujerar ma. Tawul ɗin kuma kada in sake ganinsa."

Aka ci gaba da kira ɗaya bayan ɗaya. Ai-na-sani, da yake shi ya zo ƙarshe, ya zauna a bakin benci, wuya a buɗe, ba shago, ba tawul. Can sai wani baƙo ya zo da katinsa ya zauna kusa da shi, ya dubi dogon layin ya girgiza kai.

"Likitan nan da alama ya iya aiki. Dubi jama'a."

Mai aski ya kalli layin daga farko har ƙarshe, ya soshi wuya, ya ɗan matso kusa da baƙon.

"Da can ba ya samun mutane haka," ya ce. "Duk waɗannan da ka gani, ni na turo masa su."